Bindiga Mai Baki Bakwai

Mu'azu, tun ranar da takardarka ta aikin asibiti a Riyad ta fito mahaifiyarku take ta ƙulla maka kuka da daddawa da yaji, sai ka ce can babu kasuwa. Ni abu ɗaya na roƙe ka. Na ce in ka sauka, kafin ka nemi kowa, ka je unguwar Batha ka gaida kawunka Nasiru. Kai kuwa ka dubi hannuna na hagu, sannan ka ce da ni:

"Baba, mutumin da ya jawo maka wannan zan je in durƙusa wa?"

Amsar wannan tambaya ta fi ƙarfin bakina. Shi ya sa na ɗauki biro, tunda Allah ya bar mini hannun dama. Ruƙayya, ke ma ki karanta, don na san ke ce kika fara daina ɗaukar wayarsa. Shekara shida ke nan kuna riƙe da mutum a zuci a kan laifin da ba nasa ba, ni kuma ina kallonku na yi shiru. Zan fara daga nesa, ku yi haƙuri da tsoho.

Kakanku Malam Ila maƙeri ne a Tudun Wada. Fartanya da lauje da gatari su ne abincinmu na kullum, amma abin da ya sa sunansa ya kai har bakin dajin Falgore shi ne bindigar toka ta maharba, a zamanin da bindiga take ta neman nama ce kawai. Mutum ne marar yawan magana, in yana aiki ko gaisuwa da ka yake amsawa. Yana da wata ƙa'ida da ban taɓa ganin ya karya ba. In ya gama ƙera bindiga ba ya miƙa wa mai ita sai an gwada ta sau biyu. Na farko, ya ɗaure ta a jikin kukar bayan maƙera, ya ja kunamar da doguwar igiya muna laɓe a bayan katanga. Na biyu, ya sake yi mata ɗuri, ya kore mu, ya ɗora ta a kafaɗarsa ya harba. Wata rana na tambaye shi me ya sa ba za a sake amfani da igiyar ba, tunda igiya ba ta da iyali. Sai da ya gama goge hannunsa sannan ya ce:

"Harbin farko ƙarfe yakan daure, a na biyu yake faɗin gaskiya. Kuma maƙerin da ya san shi zai ɗora ta a kafaɗa ba zai yi ha'inci a ƙira ba."

Ina saurayi ya aike ni Kano da kayan sayarwa, abokai suka ja ni silima. Fim ɗin yaƙi ne na Turawa, ban fahimci ko kalma ɗaya ba, kuma har yau ban san wa ya ci wa ba. Abin da na gani shi ne wani ƙato ya rungumo bindiga mai baki bakwai, shida sun kewaye ɗaya, ya ja kunama sau ɗaya duk suka yi aman wuta tare. Mutane suna ta tafi, ni kuwa ƙwaƙwalwata tana can tana lissafin yadda wuta za ta bi ta kai wa bututu bakwai a lokaci guda. Da na koma gida ko ruwa ban sha ba na durƙusa gaban uwar maƙera na zana wa Baba ita a ƙasa da ƙusa. Ya daɗe yana kallon zanen.

"Kunama nawa?"

"Ɗaya, Baba."

"To, ƙaryar 'yan silima ce. Baki ɗaya ma in an cika masa ɗuri yana zaunar da ƙato. Bakwai kuwa, sai dai in kafaɗar ta aro ce."

Ya sa ƙafa ya share zanen, ya ce in kama zuga-zugi. Na ji haushi ƙwarai a ranar, amma ban iya musu ba, don ni ma ban san ko gaskiya ce ba. Bayan shekaru, ina Riyad, na sake cin karo da ita a finafinai biyu ko uku a ɗakin abokai a unguwar Manfuha. Wani lokaci a kan jirgin ruwa, wani lokaci a hannun soja mai jar riga. Kullum wanda ya fi kowa girman jiki ake bai wa ita, kullum kuma ya harba ko gezau ba ya yi. Sai in ce a raina lallai Baba ya yi gaskiya.

Shekara ashirin da shida na yi a warshar Abu Sultan, wato shagonsa na aikin ƙarfe, a Sina'iyya, unguwar masu sana'a. Kun san shi, shi ne kafilina, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, mai kawo muku dabino da azumi. Ƙofofi muke yi da tagogi da tankunan ruwa, har na zama ni ne mu'allim, masu walda takwas a ƙarƙashina. A duk waɗannan shekaru ban taɓa gaya wa kowa na iya ƙirar bindiga ba. Iƙamata, takardar izinin zamana, ta ce ni mai aikin ƙarfe ne, kuma a ƙasar mutane wannan ya ishe ni. Mutum biyu ne kawai suka sani, mahaifiyarku da ƙaninta Nasiru.

Ba a daɗe da sake buɗe gidajen silima a ƙasar ba, samari suka tashi haiƙan da shirya finafinai. Kawunku yana tuƙa mota a wani ƙaramin kamfaninsu. Wata Juma'a bayan la'asar ya zo gidanmu a Manfuha, ya zauna ya ci shinkafa, sannan ya ce:

"Yaya, akwai wani shugul a kamfaninmu, aikin da na ce musu in ba kai ba babu mai iyawa. Fim suke yi na jiragen ruwan da, suna son a ƙera musu kwafin wata tsohuwar bindiga. Ta ado ce kawai, a toshe, riƙewa za a yi a gaban kyamara. Takardun izini duk suna hannunsu, Abu Sultan ma ya ce mafi mushkila, wato babu matsala."

"Jirgin ruwa a Riyad? Garin da ko kududdufi babu?"

"Kai dai zo ka ga bindigar. Wai bakinta bakwai."

Cokali na ajiye. Mahaifiyarku ta dube ni ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce lafiya ƙalau. Wannan shi ne dukan abin da kawunku ya yi: ya ji ana neman gwani, ya ambaci sunan mijin yayarsa.

Washegari ya kai ni unguwar Malaz, gidan wani dattijo da ake kira Ammu Salih. Ya yi rayuwarsa a tashar jiragen ruwa ta gabas, da ya tsufa ya dawo Riyad ya cika ɗaki guda da kayan teku na da, kowanne da takardarsa a jikin bango. Sai da muka sha gahawa ƙoƙo uku sannan ya tashi ya ɗauko wani abu a nannaɗe cikin bargo, ya ajiye a kan darduma, ya buɗe. Gani ya kori ji. Ga ta nan, gajera, mai kauri, baƙa wuluk don tsufa, bututu shida sun kewaye ɗaya kamar yadda na zana a ƙasar maƙerarmu shekara arba'in da suka wuce. Na nemi izini na ɗaga ta, nauyinta ya ja hannuna ƙasa. Na bi ta da yatsa daga baki har ƙota ina neman inda maƙerinta ya yi kuskure, domin mu maƙera haka muke gaisawa da aikin juna. Ban samu ba. An haɗa bututun nan bakwai da jan ƙarfe, haɗi mai tsabta, ba tudu ba rami. Dutsen ƙanƙara ɗaya ne ke ba da tartsatsi, wuta ta shiga bututun tsakiya, daga cikinsa an huda ƙananan hanyoyi shida kamar ƙofar allura, kowace ta nufi maƙwabcinta. Mutumin nan ba shi da injin huda, ba shi da wutar lantarki, daga shi sai magagari da ido da haƙuri. Ban san sunansa ba, ban san addininsa ba, ya fi shekara ɗari biyu a ƙasa, amma na ji ina ƙaunarsa kamar mun yi zuga tare.

Ammu Salih ya ga yadda nake juya ta, ya gane ba yau na fara riƙe irinta ba, amma bai tambaya ba. Ya ce sojojin ruwa na Ingila aka ƙera wa ita. Mutum zai hau can saman dogon icen jirgi, in jirgin abokan gaba ya matso, ya zuba wa mutanen da ke kansa dalma bakwai a tashi ɗaya. Ya nuna mini wata ƙarama mai baki huɗu a baje kamar ƙafar agwagwa, ya ce wannan ta shugaban jirgi ce, ranar da ma'aikatansa suka taso masa. Na ce to me ya sa babbar ba ta yaɗu a duniya ba?

"Ya mu'allim, tana karya kafaɗar mai harba ta," in ji shi. "Ga shi kuma suna tsoron wutarta ta kama zannuwan da iska ke tura jirgi da su. Ba ta daɗe ba suka mayar da ita ma'ajiya. 'Yan fim ne suka tono ta, don tana da kwarjini a ido. A teku ta kasa, a silima ta yi suna."

Sai na ji hawaye. Baba ya rasu tun ina shekara ta biyar a Riyad, ban samu jana'izarsa ba. A ɗakin Balaraben nan na ce a raina, Baba, bindigar gaskiya ce, amma kai ma ka yi gaskiya, kafaɗar ce ta aro.

Mako uku aka ba ni. Abu Sultan ya ware mini lungu a warsha, na sayo bututu bakwai marasa ɗinki, irin waɗanda ake zuba su a dunƙule, masu jure matsi. A nan kuskurena na farko ya shigo, kuma ku ji shi da kyau. An ce da ni a toshe ake son ta. Da na bi umarni, da sandunan ƙarfe bakwai zan liƙa in shafa musu baƙin fenti, kowa ya huta. Amma na riga na ga cikin ta Ammu Salih. Hannuna ya ƙi yarda ya yi gunki. Na ce in mutumin can ya huda hanyoyi shida da magagari, ni ɗan Malam Ila mai injin huda a gabana in kasa? Ba don wani ya gani na yi ba, don in gwada kaina da shi ne. Na huda su duka shida, na yi mata ƙota da icen goro, na gyara kunama har tana ƙara kamar ta asali. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na waɗannan kwanaki ba, wannan kam ba zan ɓoye ba.

Ana saura kwana biyu, wajen huda ta ƙarshe, hannuna ya goce na ɓata bututu ɗaya. Na zaga Sina'iyya kaf, babu irinsa, sai bayan mako guda. Na dawo warsha na tsaya gaban tarin ragowar ƙarfe, na zaro bututun ruwa mai kauri ɗaya da sauran. Bututun ruwa falle ne ake naɗewa a ɗinke shi da walda, ɗinkin yana nan a tsawonsa ko ido bai gani ba. Kawunku yana zaune a kan benci yana jirana, ya ga abin da na ɗauko.

"Yaya, wannan ba na famfo ba ne?"

"Na ado ne, Nasiru. Ba harbawa za a yi ba."

Na goge ɗinkin har ya ɓace, na sa shi a ƙasa ta hagu, inda na san kyamara ba za ta kalla ba. Ban tsaya na tuna cewa nan ne daidai inda mai harbi yake tallafe bindiga da hannun hagu ba. Wannan kuskure na biyu ke nan.

Na uku shi ne bakina. Ranar da muka kai ta, daraktan, wani saurayi mai gilashi da ba ya iya zama wuri ɗaya, ya yi ta juya ta yana masha Allah. Ya ajiye ta kusa da ta Ammu Salih, ya ce ba ya iya bambancewa. Da na yi godiya na tafi, da shi ke nan. Amma yabo ya shiga kaina, na ce masa ai har cikinta iri ɗaya ne, na haska masa tocila ya ga hanyoyin. Idonsa ya yi haske. Ya ce ashe ba sai sun zana wuta da kwamfuta ba, suna da ma'aikaci mai lasisin albarushi, za a zuba mata kaɗan ba dalma, a samu hayaƙi na gaske. Ya dafa kafaɗata ya ce ni baiwa ce Allah ya kawo musu. Na buɗe baki in ce akwai bututu ɗaya, sai na ga Abu Sultan a gefe yana murmushi, yana gaya wa mutane shekara ashirin da shida bai taɓa kama ni da algus ba. Na mayar da bakina na rufe. A mota kawunku ya ce:

"Yaya, na famfon fa?"

"Albarushin kaɗan ne. Zai ɗauka."

"In ka ce zai ɗauka, zai ɗauka. Kai ne maƙeri."

Mahaifiyarku ba ta yi mini wannan karar ba. Da na gaya mata tana tsince shinkafa, ta ture farantin gefe.

"Malam, ka je ka faɗa wa Abu Sultan. Kunyar yini ɗaya ce."

"Ke ba ki san aikin ƙarfe ba."

"Ban san ƙarfe ba, amma na san ka. Tun da ka shigo ba ka dubi idona ba. Ɗan wa zai riƙe ta?"

Wannan tambaya ta bi ni har wurin ɗaukar fim. A bayan gari suka kafa shi, cikin rairayi, rabin jirgin ruwa na katako an jingine shi da ƙarafa, a bayansa an shimfiɗa wani makeken koren ƙyalle, wai nan teku zai fito. Na yi dariya duk da abin da ke cikina. A nan na ga wanda zai riƙe ta. Sunansa Majid, ɗan wasa ne daga Makka, dogo, baƙi kamar ni, mai faɗin ƙirji, don har a nan ƙaton suka zaɓa. Da ya ji ana kirana ɗan Najeriya ya taho da sauri ya kama hannuna biyu, ya ce da wata karyayyar Hausa:

"Sannu Baba. Kakata Bakanuwa. Ina gajiya?"

Iyakar Hausarsa ke nan, sauran da Larabci muka yi. Kakarsa da ƙafa ta zo aikin hajji ba ta koma ba. Ya ciro waya ya nuna mini 'yarsa ta wata huɗu, ya ce sunan kakar aka sa mata, Hauwa. Ya ɗauki bindigar yana gwada tsayuwa, na ga yatsunsa na hagu sun kwanta a kan bututun famfon, ɗaya bayan ɗaya.

Na ce wa darakta ba za a ba kowa ita ba sai an gwada da igiya. Ya duba rana, don hasken gab da magariba yake so, ya ce tayyib, amma da sauri. Mai albarushi ya auna ya zuba, muka ɗaure ta a jikin wani turke, kowa ya ja baya, na ja igiya. Ta yi wata irin tsawa da ban taɓa ji ba, wuta bakwai ta fita a dunƙule, hayaƙi ya rufe rabin jirgin. Mutane suka yi ta tafi. Ko ni sai da tsigar jikina ta tashi, don abin da na gani a silimar Kano yau ga shi daga hannuna. Na duba bututun, ban ga tsaga ba. Darakta ya ce halas, shi ke nan, ta ci jarrabawa, yalla a sake ɗuri a ba Majid. Na ce saura gwaji ɗaya. Ya ce babu lokaci, rana ba za ta jira mu ba, albarushin da aka ba su izini ma na harbi biyu ne kacal.

Har a lokacin ƙofa a buɗe take. Kalma biyar za ta isa in ce akwai bututun famfo a ciki, a tashi a koma gida, in sha kunya. Girman kai rawanin tsiya, ban faɗa ba. Amma kuma na kasa barin mahaifin Hauwa ya ɗora ta. Na tambayi darakta ta ina zai ɗauki harbin. Ya ce fuskar Majid sun riga sun ɗauka, wannan ta baya ne, kafaɗa da hannu da wuta. Na ce to launinmu ɗaya da shi, a sa mini rigarsa da rawaninsa. Na ce al'adar gidanmu ce, maƙeri ne ke fara ɗora abin da ya ƙera, in ba haka ba zan ɗauki kayata in tafi. Majid ya yi dariya ya ce Baba yana son ya ƙwace masa sana'a. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Kawunku ya ratso mutane ya riƙe mini hannun riga, ya yi magana da Hausa don kada kowa ya ji:

"Yaya, don girman Allah ka bari. Ka faɗa musu, ko ni in faɗa."

"In ka buɗe baki, babu ni babu kai."

Ya sake ni. Na hau jirgin katako, na yi bisimilla, na sa hannuna inda na Majid zai kasance. Baba ya ce a na biyu ƙarfe yake faɗin gaskiya, kuma ya faɗa. Ban ji zafi ba da farko, ƙara kawai na ji, sai na ga kaina a zaune. Kawunku ne ya cire rawanin ya ɗaure hannun, shi ya ɗauke ni a mota, yana tuƙi yana kuka yana kiran sunana kada in suma.

Sauran kun sani. Babban yatsa da biyu na kusa da shi suka tafi, kunnen hagu ya toshe. Da hukuma ta zo bincike na ce ƙarfe ne ya gaza, ba laifin mai albarushi ba, wannan kam na wanke shi. Ban ce na san zai iya gazawa ba. Suka tambayi kawunku, ya ce shi direba ne, bai san ƙarfe ba. Abu Sultan ya riƙe ni wata takwas ina zaune ina nuna wa mutane aiki da baki, amma mu'allimin da ba ya iya riƙe awartaki ba mu'allimi ba ne, ni da kaina na ce a buga mini bizar fita daga ƙasar. Kuka bar makarantarku da abokanku, kuka zo Tudun Wada ana yi muku dariyar Hausarku. Na san abin da wannan ya ci muku, kuma na san ba ku taɓa yi mini ƙorafi ba, domin kun riga kun sami wanda za ku ɗora wa.

Abin da ya fi yatsun nan yi mini ciwo a asibiti ya faru, kwana biyu bayan aikin tiyata. Ina kwance, ƙofa a buɗe, na ji muryarka a waje, Mu'azu. Kana da shekara goma sha bakwai, kana yi wa kawunka faɗa da Larabci, kana cewa shi ya kawo aikin, shi ya kai ni, yana tsaye aka sa tsoho ya yi abin da ɗan wasa ya kamata ya yi. Na kasa kunne in ji me zai ce. Yana da abin faɗa, shi kaɗai ya ga bututun da idonsa, sau uku kuma yana yi mini magana. Sai na ji ya ce:

"Haka ne, Mu'azu. Ka yi haƙuri."

Kuka leƙo ɗakin, na rufe ido kamar ina barci. A idonku na zama uban da ya fansi wani da hannunsa, kuma na ji daɗin wannan riga, na ci gaba da sa ta shekara shida. Mahaifiyarku ta yi shiru don na roƙe ta, tana kallon 'ya'yanta suna gudun ƙaninta. Shi kuwa ko sau ɗaya bai tuna mini ba. Duk sallah sai ya kira, ya tambayi hannu, ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya, in na ce kun fita ya ce Allah ya yi musu albarka. Na yi aikin ƙarfe shekara hamsin, na riƙe aikin maƙerin Ingila na yi masa hawaye, amma ban ga abin da ya ɗauki matsi bai tsage ba kamar Nasiru.

Fim ɗin yana cikin wayarki, Ruƙayya, na sha ganin kina nuna wa ƙawayenki wurin. Majid ya kira ni kafin su fitar, ya ce in ban yarda ba za su yanke shi, na ce su bari. Ku buɗe shi tare. Za ku ga fuskar Majid, sai hoton ya juya baya, ga kafaɗa, ga hannu da yatsu biyar. Ku tsayar da shi daidai inda wuta ta tashi, ku ƙirga. Shida ta gaba suke fita, ɗaya ta gefe, ta ƙasa, ta hagu. Wannan na bakwan ni na zaro shi daga tarin ƙarfe, ni na goge ɗinkinsa, kawunku yana cewa Yaya, wannan ba na famfo ba ne.

Mu'azu, ɗakinsa yana nan inda ka sani a Batha, saman shagon masu aika kuɗi. Yakan dawo daga aiki bayan la'asar. Mahaifiyarku ta ware masa ƙullin daddawa daban, yana cikin jakarka ta hagu. In ya buɗe ƙofa ka durƙusa, ka ce masa na faɗa muku.